Ladabi Biyu a Gida Ɗaya: Tarbiyyar Yara a Birnin Landan

A ƙasar Hausa, idan babba yana yi wa yaro faɗa, abin da ake so shi ne yaron ya sunkuyar da kai, ya yi shiru har a gama. In ya ɗaga ido ya dubi babban, sai a ce ya yi tsaurin ido. A makarantun birnin Landan kuwa abin ya sha bamban. Malama tana bukatar yaro ya dube ta sosai sa'ad da take magana da shi, domin a wurin Turawan Ingila wanda ya kau da ido ko dai ba ya sauraro, ko kuma yana ɓoye wani abu. Watau ke nan abu guda ne ya zama ladabi a gida, ya zama rashin ladabi a makaranta, kuma yaro ɗan shekara shida ne aka bar wa aikin rarrabewa.

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ƙidayar shekarar 1921 da ta 2021 ba za su yi kama da juna ba ko kaɗan, gama ta 2021 ta nuna cewa mutanen Landan sun kai wajen miliyan 8.8, kuma kashi 40 cikin 100 nasu ba a Birtaniya aka haife su ba. Wajen kashi 15 cikin 100 Musulmi ne. A makarantun birnin ana samun yara masu magana da harsuna fiye da 300 a gidajensu. 'Yan Nijeriya suna da yawa, musamman a unguwar Peckham da kewayenta, ko da yake Yarbawa da Ibo sun fi Hausawa yawa nesa ba kusa ba. Hausawan da ke nan sun haɗa da ɗalibai, da likitoci, da ma'aikatan jakadanci, da ma'aikatan rediyo, da 'yan kasuwa, wasu daga Nijeriya, wasu daga Nijar, wasu daga zangunan Gana. Zuwan Hausawa neman ilmi a birnin ya daɗe: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa a 1946. Amma waɗancan sun zo ne da girmansu, tarbiyyarsu ta riga ta zauna, suka yi shekara guda suka koma. Na yanzu kuwa a nan suke haihuwa, a nan 'ya'yansu suke tashi.

Abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki

Kafin a yi maganar yadda za a koya wa yaro ladabi, ya kamata a san inda aka nufa da shi. Wani Baturen Ingila mai suna Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Oxford, ya yi wata lacca da aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirki. A ciki ya tattara halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya duba jerin nan da kyau zai ga cewa ladabi ɗaya ne kawai daga cikin goma. Sai dai shi ne wanda ake iya koya wa yaro tun bai iya magana sosai ba. Ba a iya yi wa ɗan shekara uku bayanin adalci, amma ana iya koya masa ya karɓi abu da hannun dama, ya durƙusa ya gai da kakarsa, ya yi sallama kafin ya shiga ɗaki. Ladabi shi ne ƙofar da sauran halayen tara ke shigowa ta cikinta.

Malaman addini sun daɗe da gane haka. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya wanda ya rasu a 996, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Damagaram, asalinsa an rubuta shi ne domin a koyar da yara. Mawallafin ya kwatanta koyarwar ƙuruciya da zane a kan dutse, kuma bayan ya gama babobin salla da azumi da ciniki da gado, sai ya keɓe babobi ga ladubban ci da sha, da gaisuwa, da neman izinin shiga gida. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana yaro da cewa amana ne a hannun iyayensa, abin da aka saba masa da shi kuwa shi zai tashi a kai. Hausawa sun taƙaita wannan duka da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ingila ma tana da nata tarihin

Akwai masu zaton cewa Turawa ba su damu da ladabi ba, saboda suna ganin yaro yana kiran abokin ubansa da sunansa gatsal, ba Baba ba Kawu. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Bishop William na Wykeham, wanda ya kafa makarantar Winchester a 1382, ya ba ta take mai ma'anar cewa ɗabi'a ita ce ke yin mutum. William Caxton, wanda ya kawo injin ɗab'i Ingila ya kafa shi a Westminster a 1476, yana daga cikin littattafan farko da ya buga akwai na koya wa yara ladabi. Malamin nan na ƙasar Holan, Erasmus, ya rubuta wani ɗan littafi a 1530 a kan yadda yaro zai zauna, ya ci abinci, ya gai da manya, kuma cikin shekara biyu aka fassara shi aka buga a Landan.

Wanda ya fi zurfafa tunani a kan batun shi ne John Locke, wanda ya yi karatu a makarantar Westminster a hannun wani shugaba da ya yi suna wajen bulala. A littafinsa na tarbiyya da ya fito a 1693, Locke ya jera abubuwa huɗu da uba zai so ɗansa ya samu: nagarta, da hikima, da ladabi, sa'an nan ilmin littafi, wanda ya sa shi a ƙarshe da gangan. A ganinsa rashin ladabi iri biyu ne. Akwai na yaron da ya raina mutane, akwai kuma na yaron da ya raina kansa har ba ya iya buɗe baki a gaban baƙo. Ya kuma ce yawan dokoki ba ya gyara yaro, abin da ke gyara shi shi ne a riƙa maimaita aiki har ya zama jiki, da kuma abin da yake gani manya suna yi. Duka kuwa, ya ce a ajiye shi sai ga taurin kai da gangan kaɗai. Bahaushen da ya san karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba zai ji wani baƙon abu a nan ba.

Yadda ladabi ke zama hali

To, ta yaya durƙuso ko cewa "na gode" zai shafi halin mutum? Amsar tana cikin abin da kowane ladabi ke tilasta wa yaro ya yi a zuciyarsa. Jariri ba ya sanin kowa sai kansa: in ya ji yunwa ya yi kuka, in ya ga abu ya miƙa hannu. Kowace ƙa'idar ladabi wata 'yar tsayawa ce tsakanin sha'awa da aiki. Yaron da aka hana ya fara sa hannu a akushi kafin manya yana koyon haƙuri. Wanda aka aika da kuɗi kanti aka sa ya kawo canji daidai yana koyon amana. Wanda aka sa ya tashi ya ba baƙo tabarma yana koyon karamci. Wanda aka hana ya katse magana yana koyon sauraro, sauraro kuwa shi ne farkon hankali. Sau ɗaya ba ya yin kome, amma abin da aka maimaita sau dubu kafin yaro ya balaga ya zama nasa, shi ya sa aka ce hali zanen dutse.

Idan aka dubi ladabin Landan da wannan ido, sai a ga aikinsa ɗaya ne da na Kano. Bin layi a tashar bas yana koya wa yaro cewa wanda ya riga shi zuwa yana da haƙƙi a kansa, ko da ya fi shi ƙarfi. Tsayawa a gefen dama na matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa domin mai sauri ya wuce ta hagu yana koya masa tuna wanda ke bayansa. Zuwa a kan lokaci yana koya masa cewa lokacin wani ma dukiya ne. Yawan cewa "don Allah" da "na gode" da "yi haƙuri", wanda baƙo kan ga kamar ya yi yawa, hanya ce ta nuna cewa ba wanda aka haifa domin ya yi maka hidima. A Hausa yaro yana iya cewa "ba ni ruwa" cikin taushin murya ba wanda zai ga laifinsa, amma in ya juya jimlar nan zuwa Turanci yadda take, mai kanti zai ɗaure masa fuska. Sura ta bambanta, manufa kuwa ɗaya ce: ka san cewa akwai wani ban da kai.

Amma fa akwai ladabin da ba ya kai wa ga hali, watau na ganin ido. Misalinsa mafi shahara a Landan shi ne na Lord Chesterfield, wani babban ɗan siyasa da ya shafe shekaru kusan 30 yana rubuta wa ɗansa wasiƙu a kan yadda zai shiga taro, yadda zai yi murmushi, yadda zai faranta wa masu mulki rai domin ya samu ɗaukaka. Ɗan ya rasu a 1768, sa'an nan ne uban ya gano cewa ya yi aure a ɓoye har da 'ya'ya biyu, bai taɓa faɗa masa ba. Da aka buga wasiƙun a 1774, masana irin su Samuel Johnson suka soke su da cewa suna koyar da iya fuska ne kawai, ba nagarta ba. Uban ya koya wa ɗansa kome ban da abin da zai sa ya iya faɗa masa gaskiya. Haka nan a gidan Bahaushe ana iya samun yaron da zai zube har ƙasa ya gai da mahaifinsa, ya fita waje ya zagi direban bas. Ma'aunin ladabi na gaskiya shi ne yadda yaro ke yi wa wanda ba ya jin tsoronsa kuma ba ya neman kome a wurinsa.

Bulala da doka

Wurin da iyaye baƙi suka fi cin karo da hukuma shi ne wajen horo. A 1986 Majalisar Dokokin Birtaniya ta haramta dukan yara a makarantun gwamnati, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, dokar ta fara aiki a 1987. Makarantun kuɗi na Ingila da Wales suka bi baya a 1999. Game da iyaye kuwa, Scotland ta haramta musu duka gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila, dokar yara ta 2004 ta bar wa iyaye ɗan sarari na horo mai sauƙi, amma duk dukan da ya bar rauni ko tabo a jiki laifi ne da kan iya kai mutum gaban alƙali. Malaman makaranta da likitoci kuwa aikinsu ne su sanar da ma'aikatan jin daɗin jama'a in sun ga alamar an cuci yaro.

Wannan tsanani yana da dalili. A watan Fabrairu na 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas daga ƙasar Kodebuwa, Victoria Climbié, ta rasu a Landan saboda azabar da wata 'yar'uwar iyayenta da ke riƙon ta da abokin zamanta suka gana mata. Binciken da Lord Laming ya shugabanta, wanda ya fito a 2003, shi ne ya haifar da dokar 2004. Bayan rasuwarta ne kuma wata 'yar Nijeriya, Debbie Ariyo, ta kafa ƙungiyar AFRUCA a 2001, wadda ke wayar da kan iyaye 'yan Afirka a kan dokokin ƙasar da hanyoyin horo ba tare da duka ba. Al'adar riƙo, wadda Baba ta Karo ta ba da labarinta a littafin Mary Smith da aka buga a Landan a 1954, ita ma tana da ƙa'ida a nan: wanda ya karɓi yaron da bai kai shekara 16 ba, wanda ba ɗan'uwansa na kusa ba ne, zai zauna da shi kwana 28 ko fiye, dole ya sanar da hukumar unguwa.

Wasu iyaye kan ce an ɗaure musu hannu, an hana su tarbiyya. Amma a ƙasar Hausa ma ba bulala ce ke yin yawancin aikin ba. Abin da ke yin sa shi ne idon jama'a. Ɗa na kowa ne: maƙwabci yana tsawatarwa, gwaggo tana jan kunne, kaka tana yin tatsuniya da dare, malamin makarantar allo yana kai ƙara gida. Abin da iyalin da ke zaune a bene na bakwai a Landan suka rasa shi ne wannan taron, ba sanda ba. Uwa da uba su biyu, sau da yawa kowannensu yana aiki, su ne za su ɗauki nauyin da unguwa guda ke ɗauka a gida.

Gwajin makarantar Wembley

Su kansu Turawan suna muhawara a kan batun. Dokar ilmi ta 1988 ta ɗora wa makarantu alhakin kula da ci gaban yara ta fuskar ɗabi'a, ba karatu kaɗai ba, kuma a 2019 Ma'aikatar Ilmi ta fitar da jagora a kan gina hali. Makarantar da ta fi jawo magana ita ce Michaela, wadda Katharine Birbalsingh ta buɗe a unguwar Wembley a 2014. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne da masu ƙaramin ƙarfi, kusan rabinsu Musulmi. A can yara suna tafiya shiru tsakanin aji da aji, ana tsare wanda ya manta alƙalami bayan an tashi, kuma lokacin cin abincin rana su ne ke zuba wa juna su kwashe kwanoni, sa'an nan wasu su miƙe su gode wa wani a bainar jama'a. Shekaru uku a jere, daga 2022 zuwa 2024, makarantar ta zo ta ɗaya a Ingila a ma'aunin ci gaban da ɗalibai suka samu. Masu sukar ta suna cewa ta yi kama da barikin soja, kuma biyayya ba ita ce hali ba. A watan Afrilu na 2024 Babbar Kotu ta goyi bayan makarantar a ƙarar da wata ɗaliba Musulma ta kai saboda an hana salla a harabarta, hukuncin da bai yi wa iyaye Musulmi da dama daɗi ba. Darasin da ke ciki shi ne makaranta tana iya koyar da tsari da godiya, amma ba za ta ɗauke wa gida aikin koyar da addini da asali ba.

Abin da ya rage wa gida

Iyalan da suka fi dacewa su ne waɗanda suka koya wa 'ya'yansu ladabin nan biyu kamar yadda ake koyon harshe biyu, kowanne da wurinsa. Yaro yana iya gane cewa a gaban malama zai ɗaga ido ya yi bayani dalla-dalla, a gaban kakarsa kuwa zai rusuna ya sassauta murya, muddin an gaya masa dalili. Yaron Landan an saba masa da tambayar "don me?" tun daga aji ɗaya, kuma uban da ya amsa masa bai zubar da girmansa ba. In aka ce masa ana cire takalmi a ƙofa ne domin a nan ake salla, ana ce wa abokin uba Baba ne domin yana da haƙƙin tsawatar maka kuma yana da nauyin taimakonka, to, zai riƙe abin ko bayan ya bar gida. Abin da aka cusa da tsoro kawai yakan zube ran da tsoron ya ƙare.

Harshe yana da babban matsayi a nan, domin yawancin ladabin Hausa a cikin kalmomi yake zaune. Gaisuwar Hausa doguwa ce da gangan: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mai jiki, ina labari. Kowace tambaya tana sa mai gaisuwa ya tuna da wani abu na rayuwar wanda yake gaisarwa. Yaron da ya rasa Hausa ya rasa Yaya da Kawu da Gwaggo da Baffa, ya koma kiran kowa da suna ɗaya. Ko da bai iya dogon zance ba, in ya iya gaisuwa, da ta'aziyya, da barka, da sannu da zuwa, zai iya ɗaukar waya ya yi magana da dangi a Sakkwato ko Maraɗi ba tare da an ji kunya ba. Makarantun Asabar da Lahadi na masallatai, irin su Babban Masallacin Regent's Park da aka buɗe a 1977 da na Whitechapel da aka buɗe a 1985, da tarurrukan suna da na Salla da Hausawan birnin kan yi, suna mayar wa yaro da wani yanki na idon jama'ar da ya rasa.

Akwai kuma abin da ya kamata a karɓa daga masu masauki. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana yarinya faɗa wa uwarta cewa wani yana cutar ta, ko ta hana saurayi buɗe baki a gaban masu ɗaukar ma'aikata, ta zama irin rashin ladabin nan na biyu da Locke ya ambata. Babban da ya ce wa yaro "na gode" ko "yi haƙuri, na yi kuskure" bai rage kome daga mutuncinsa ba, hasali ma ya koya masa adalci ta hanyar da wa'azi ba zai iya ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yaron da ya tashi da gaskiya da amana da sanin darajar mutane zai iya koyon kowace irin gaisuwa cikin mako guda, ko a Landan ko a Kano. Wanda ya tashi babu su kuwa, ko ya iya durƙuso da Turanci duka biyu, mutane ba za su daɗe ba su gane shi.